Daga Bakin Allo: Garin Neman Gira A Rasa Ido

A wannan karo zan ajiye maganar makaranta gefe guda, in ɗauko wata magana da ta shafi masu sana'ar hoto, musamman samarinmu da ke shiga wannan sana'a da ɗan ƙaramin jari. Wanda ba mai hoto ba ma kada ya juya shafi, domin in yana da tabarau a fuska ko waya a aljihu, maganar ta shafe shi.

Abin da ya jawo zancen shi ne, ranar wata Lahadi da hantsi ina zaune a zaure ina duba takardun yara, sai ga wani tsohon ɗalibina ya yi sallama. Yaron nan na koyar da shi tun yana aji huɗu, yanzu ya zama saurayi har da gemu. Shekara biyu ya yi yana tara kuɗi daga aikin ɗinki, ya sayi kyamarar zamani ta hannu, irin wadda ba ta cin fim, da niyyar ya riƙa ɗaukar hoton biki da suna. To amma kyamarar ta zo ba ido, wato wannan gwangwanin gilashi da ake ɗaurawa a gabanta, wanda masu hoto na nan suke kira obijektif. Sabon ido ya fi ƙarfin aljihunsa. Sai aka ba shi shawara ya sayi wani zobe da ake sa wa kyamarar zamani ta karɓi idanun tsofaffin kyamarori, ya kuma nemi tsohon ido a wurin masu kayan kwance.

Ya kwance wani ƙyalle ya ajiye mini guda biyu a kan tabarma. Ya ce, "Malam, mai kayan ya ba ni zuwa la'asar, na bar masa makullin babur ɗina. Wannan jika 40 ya ce, wannan kuma jika 25. Ni dai na farkon ya kwanta mini, dubi yadda yake sheƙi." Na ɗauka na duba. Gaskiyarsa, na jika 40 ɗin jikinsa tas, fentinsa bai ko ƙwarzane ba, gilashin gabansa sai ɗaukar ido yake yi. Na jika 25 kuwa, wani tsohon Takumar ne na kamfanin Asahi Pentax, fentinsa ya goge har farin ƙarfe ya fito, ga ƙura a ciki, ga kuma wata ƴar ɓantara kamar ƙwayar gero a gefen gilashin gaba. Na ce masa ya zauna, ya ba ni tocilar wayarsa, domin ciniki irin wannan in aka yi shi da kallon jiki kawai, cinikin biri a sama ne.

Kafin in faɗa muku yadda muka ƙare, bari in ba ku labarin abin da ya sa na san wannan harka, domin ba a makarantar horar da malamai aka koya mini ba. Wuya ce ta koya mini.

Lokacin da na fara koyarwa a wani ƙauye, wani kawuna da ya yi karatu a Tarayyar Sobiyet ya ba ni kyamararsa, Zenit-E, mai ido samfurin Helios-44. Na ɗauke ta kamar ƙwai. Saboda tsananin son da nake yi mata, duk sanda zan ɗauki hoto sai na huro wa gilashin iska da baki, in sa bakin rigata in murza shi sosai. Haka na yi ta yi har sanyi biyu suka wuce, a garin da in hunturu ya kama ko ƙofar makwabcinka ba ka gani don ƙura. A ƙarshen shekarar karatu ta 2006 na tara ƴan aji shida, su 43, a bakin katangar makaranta da yamma, rana tana bayansu, na ɗauke su hoto har sau uku. Kowane yaro ya kawo ɗan abin da iyayensa suka ba shi don a wanke masa nasa. Na aika fim birni. Kafin hotuna su dawo an yi hutu, yara sun watse. Da na buɗe ambulan sai na ga kamar an zuba wa hotunan ruwan koko: fuskoki sun dusashe, baƙi ya koma toka-toka, na layin baya ma ba ka iya cewa wannan wane ne. Na mayar wa iyaye kuɗinsu daga albashina, amma hoton ba a sake samun damar ɗaukarsa ba, domin wasu daga cikin yaran nan ba su sake zama wuri ɗaya ba har yau. Wani tsohon mai hoto da na kai wa kyamarar ya haska gilashin da fitila, ya dube ni ya ce, "Malam, ba kyamara ce ta cuce ka ba, rigarka ce."

Tun daga ranar na shiga bincike da tambaya, ga kuma abin da na tsinta.

Gilashi kowane iri, in haske ya faɗo masa, ba dukansa yake shigewa ba. Wani kaso yana komowa baya, shi ya sa kake ganin fuskarka a gilashin taga. A gilashin da ba a yi masa komai ba, kusan kashi 4 cikin 100 na hasken ke komowa a kowace fuska da gilashi ya haɗu da iska. Za ka ce ai 4 ba yawa. To amma idon kyamara ba gilashi ɗaya ba ne. Helios ɗin nan nawa gilasai 6 ne a cikinsa, an manne wasu da wasu sun zama rukuni 4, kowane rukuni yana da fuska biyu, ke nan fuska 8. Ƴan ajina za su iya wannan lissafi: ka cire 4 cikin 100 na abin da ya rage, sau 8 a jere, za ka ga abin da ya saura bai wuce 72 ba. Wato kusan 28 sun ɓace a hanya. Da ma a ce ɓacewa kawai suke yi, da da sauƙi. Wani ɓangare nasu yana ta kai da komo tsakanin gilasan, daga ƙarshe ya zubo a kan hoton a inda ba a gayyace shi ba, ya wanke baƙi ya mayar da shi toka.

Maganin wannan shi ne abin da zan kira shafe. In ka karkata idon kyamara a gaban haske za ka ga gilashin yana ba da launi, shuɗi ko shunayya ko kore ko ruwan zuma. Wannan launi ba na gilashin ba ne, na wani shafe ne siriri ƙwarai da aka yi masa a masana'anta. Asalin gano shi abin mamaki ne. A 1886 wani masanin kimiyya na Ingila, Lord Rayleigh, ya lura cewa tsohon gilashin da fuskarsa ta dafe saboda daɗewa ya fi sabo barin haske ya wuce. Wani mai ƙera idanun kyamara, shi ma a Ingila, Dennis Taylor, ya yi rajistar hanyar dafar da gilashi da sinadarai da gangan a 1904, amma hanyar ba ta da tabbas. Sai a 1935 Alexander Smakula, haifaffen Yukiren da ke aiki a kamfanin Carl Zeiss a garin Jena na Jamus, ya fito da hanyar turara shafen a kan gilashi a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Jamusawa suka riƙe abin a matsayin sirrin soja na wasu shekaru, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya bazu, ya zama kusan duk idon kyamarar kirki da shafensa yake fitowa.

Shafen farko hawa ɗaya ne, galibi na wani ma'adini da ake kira maganiziyam fulorayid. Kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ne, wato silin gashin kanka ya ninka shi kauri sau ɗaruruwa. Yadda yake aiki kuwa, haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari. Wani haske yana komowa daga saman shafen, wani daga gilashin da ke ƙarƙashinsa. An auna kaurin shafen daidai yadda in waɗannan biyu suka haɗu, tudun wannan zai faɗa a kwarin wancan, su kashe juna, hasken ya shige ciki maimakon ya komo. Da yake an auna shi ne da koren haske, ja da shuɗi ne suka fi komowa, shi ya sa ido yake ganin shunayya. Da wannan shafe asarar kowace fuska tana sauka daga 4 zuwa kamar 1 da rabi, sai 72 ɗin nan namu ya koma kusan 89. A 1971 kamfanin Asahi Pentax ya fito da shafe mai hawa 7 da ya sa wa suna SMC, wasu kamfanoni suka biyo da nasu, irin T* na Zeiss da EBC na Fuji. Da shafe mai hawa-hawa asarar kowace fuska tana iya komawa rabin kashi ɗaya ko ƙasa da haka, wato fuska 8 za su bar kusan 96 su wuce.

To mai karatu, ga inda maganar take. Abin da ya kai wannan siranta, me zai hana shi lalacewa? Shafen shekarun 1940 da 1950 ma taushi gare shi, har masu tara tsofaffin kyamarori sun san cewa da wuya a sami wasu idanun Leica na wancan zamani da ba su da tabon shara. A ƙasarmu kuma ga ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. A cikin ƙurar nan akwai ɓarɓashin yashi, shi kuwa yashi ya fi gilashi tauri. Idan ƙura ta zauna a gilashi ka sa riga ka murza, daidai yake da ka goge shi da takardar yashi ta kafinta. Ba a gani a rana ɗaya. Sai an yi sau ɗari, sau dubu, gilashin ya cika da ƙananan zane masu zagaye waɗanda ido ba ya gani sai an haska.

Yanzu bari mu koma zaure, in nuna muku yadda na duba idanun nan biyu, domin kowa zai iya yi, ba a bukatar komai sai tocila da inuwa da haƙuri.

Da farko na cire murafen gaba da na baya, na buɗe ƙofar haske har iyakarta, na sa robar hura iska na kore ƙurar da ke sama, ban taɓa gilashin da komai ba. Sannan na juya wa ƙofar zaure baya, na karkata idon har hoton ƙofar ya bayyana a kan gilashin gaba. Abin da ake nema a nan shi ne launi. In shafe yana nan lafiya, hoton ƙofar zai fito da launi iri ɗaya tun daga tsakiya har gefe, kuma a dusashe. Inda shafe ya goge, wurin zai fi sauran haske da fari, kamar tsohuwar tasa da ruwan kwanonta ya tashi. Takumar ɗin ya ba da launinsa mai duhu ko'ina, ban da ɗan wurin ɓantarar. Mai sheƙin kuwa, gefensa shunayya ne amma tsakiyarsa fari fat. Na ce wa yaron, "Ka ga sheƙin nan da ya burge ka? Hasken da ya kamata ya shiga hotonka ne yake komowa idonka. Idon kyamara mai lafiya ba ya sheƙi, in ka leƙa shi kamar rijiya yake."

Na biyu, na kunna tocila na haska daga baya a karkace, ina leƙawa ta gaba, sannan na juya na yi haka ta ɗaya ɓarin. Ba a saita tocilar kai tsaye cikin ido, kuma ko da wasa kada wani ya kalli rana ta cikin idon kyamara, yana iya makantar da mutum. A nan sai an yi hattara da tsoro, domin tocila mai tonon asiri ce, ko sabon ido ka haska sai ka ga ƙura. A cikin Takumar mun ga ƙura jefi-jefi kamar taurari. A gilashin gaba na mai sheƙin kuwa sai ga wani farin gajimare na zane-zane masu zagaye ya rufe tsakiya gaba ɗaya, irin wanda tsohon mai hoton nan ya nuna mini a nawa. Yaron ya yi shiru, ya ce, "Malam, ai ɗazu babu wannan." Na ce yana nan, haske ne bai faɗo masa ta inda zai nuna ba.

Ba duk abin da tocila ta nuna ne lalacewar shafe ba, kuma rarrabe su shi ne rabin aikin. Ƙura ɗaiɗaya ba ta komai, kada ta hana ka saye. Ƴan kumfa ƙanana a cikin naman gilashi, waɗanda ake yawan gani a idanun dā, tun daga masana'anta suke, su ma ba sa komai. Tabon yatsa ko na busasshen ruwa yana kama da gogaggen shafe, amma shi yana fita in an share shi yadda ya kamata, gogaggen shafe kuwa ba ya motsi. Akwai hazo, wanda yake kama da yanar ido a gilasan ciki. Galibi man da aka sa wa zaren juyawa ne zafi ya turara shi ya kwanta a gilashi, abin da ke saurin faruwa in ana barin kyamara a mota ko ƙarƙashin kwano lokacin bazara. Hazo yana dusasar da hoto ƙwarai, sau da yawa mai gyara yana iya wanke shi, amma wanda ya daɗe yakan ci shafen. Akwai kuma rabuwar manne: gilasan da aka manne da wani ƙaro da ake kira balsam na Kanada, in mannen ya tsufa sai ka ga launin bakan gizo ko rawaya yana shigowa daga gefe. In a gefe ya tsaya ana iya aiki da shi, in ya kai tsakiya a bar shi. Wasu idanun kuma, kamar Super-Takumar 50mm f/1.4 na shekarun 1960, za ka ga gilashinsu ya yi ruwan shayi. Wannan ba shafe ba ne, wani ma'adini ne mai suna toriyam da aka zuba a gilashin, kuma hasken rana na kwanaki yana rage launin.

Wanda ya fi duka sharri shi ne fumfuna. Tana fitowa kamar saƙar gizo-gizo ko jijiyar ganye, galibi daga gefe tana tafiya tsakiya. Danshi da duhu take so, kuma yawancin kayan kwancen da ke zuwa mana ta tashoshin bakin teku irin Kwatano da Lome suke biyowa, inda iska ke cike da ruwa, ga kuma namu danshin na damina. In an kama ta da wuri ana wanke ta. In ta daɗe, tana fitar da wani ruwa mai ci wanda yake cinye shafen har ya shiga gilashin, ko an wanke ta sawunta yana nan har abada. Ba za ka iya sanin ko ta ci ko ba ta ci ba sai an buɗe, don haka ido mai fumfuna da yawa caca ne, kada ka zuba masa kuɗin da ba za ka iya yafewa ba.

Sai babbar tambaya: in an tabbatar shafe ya lalace, yaya girman ɓarnar a hoto? A nan mutane da yawa suke kuskure, su guji abin da ba ya cutarwa su rungumi mai cutarwa. Mu koma lissafi. A ce shafe mai hawa ɗaya ya tashi a wani wuri da ya kai kashi ɗaya cikin 10 na gilashin gaba, amma gilashin da ke ƙasa sumul yake. A wurin nan asara ta tashi daga 1 da rabi zuwa 4, ƙarin 2 da rabi ke nan, a kan kashi ɗaya cikin 10 na fuska ɗaya. Jimla, rubu'in kashi ɗaya cikin 100. Babu idon ɗan Adam da zai ga wannan a hoto. Haka ita ma ɓantara guda a gefe, ko zane ɗaya mai zurfi: muninsu a ido ne, kuma tsofaffin masu hoto sukan cike ramin da baƙin tawada don kada ya watsa haske, su ci gaba da aikinsu shekara da shekaru. Amma dubban ƙananan zane da suka rufe tsakiyar gilashi, kowane ɗaya yana karkatar da ɗan haske zuwa inda bai kamata ba, su ne suke zuba wa hoto ruwan koko. Ashe ke nan tashin shafen kansa ba shi ne babbar cutar ba, abin da ya tayar da shi ne, domin hannun da ya goge shafe da wuya ya bar gilashin ƙasa lafiya.

Wurin da tabon yake shi ma abin dubawa ne. Na tsakiya ya fi na gefe illa, domin in ka rage ƙofar haske gefen gilashi ba ya aiki sosai, tsakiya kuwa kullum a bakin aiki take. Na gilashin baya ya fi na gaba illa, saboda shi ne kusa da inda hoto ke sauka, kuma duk hasken da zai zama hoto ta wannan ƙaramin gilashi yake matsewa ya wuce. A kyamarar zamani abin ya ƙaru, domin farantin da ke karɓar hoto a cikinta ya fi fim sheƙi, yana mayar da haske zuwa gilashin baya, in shafen can ya mutu sai hasken ya sake dawowa kan hoton. Mafi yawan masu saye gaba kawai suke dubawa, ba sa ko cire murfin baya. Ni yanzu da baya nake farawa.

Duk wannan bayani, gani ya kori ji. Na ce wa yaron ya ɗaura kowane ido a kyamararsa mu gwada, abin da ni a zamanin fim sai na jira mako biyu kafin in gani. Muka sa ƙaninsa da ya rako shi ya tsaya a inuwar bango, aka ɗauke shi da kowanne. A nan bambancin kaɗan ne, har yaron ya fara murmushi. Na ce kada ya yi sauri, ido mai ciwo a inuwa yake ɓuya. Muka sa ƙanen ya tsaya a bakin ƙofar zaure, hasken waje yana bayansa, aka ɗauka da ƙofar haske a buɗe, aka kuma ɗauka an rage ta zuwa 8. Da Takumar fuskar yaron ta fito da duhunta da haskenta, baƙar hularsa baƙa ƙirin. Da mai sheƙin sai ga hoton ƴan aji shida na 2006 ya dawo mini sabo. Na tambaye shi, a gidan biki wa yake zaɓar inda amarya za ta zauna, shi ko dangin ango? Mai hoton biki ba shi da iko da rana, ga fitilu, ga fararen shaddodi, ga madubai a ɗakin amarya. Idon da ba ya jure haske daga gaba ba na wannan sana'a ba ne.

Ya tambaye ni ko ba a sake yi wa gilashi shafe. Ana yi a wasu ƙasashe, amma sai an kwance idon, an goge tsohon shafen da zanen duka, an mayar da gilashin tukunya, kuma gogewar tana iya taɓa lanƙwasar gilashin da aka auna tun farko. Kuɗin aikin ya ninka kuɗin irin waɗannan idanu, sai dai a yi wa mai tsadar gaske. A wurinmu, shafen da ya tafi ya tafi.

Da la'asar na raka shi wurin mai kayan. Ban ga alamar mutumin ya yi niyyar cuta ba, shi ma da sheƙi ya sa kuɗi, har ma ya nuna mana tsumman da yake goge kayansa da shi kowace safiya don su yi kyau. Muka haska masa tocila ya gani da idonsa, ya riƙe baki. Yaron ya ɗauki Takumar, kuma da yake ɓantarar aibi ce a kasuwa ko da ba aibi ba ce a hoto, aka daidaita a jika 20. Ragowar kuɗin na sa shi ya sayi malafar ido, wato wannan zoben da ke yi wa gilashi inuwa daga hasken gefe, da farin gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaba, da robar hura iska. Malafa ita ce mafi arahar magani ga duk idon da shafensa ya raunana, gilashin kariya kuwa in hunturu ya cinye shi sai a sake wani.

Ga wanda ya riga ya mallaki nasa, shawarata ba ta da yawa. Ka rage shara, ƙura kaɗan a gilashin gaba ba ta fitowa a hoto. In ya zama dole, fara da hura iska da roba, sannan burushi mai taushi, sai a ƙarshe ƙyalle mai laushi da aka tanada don wannan aiki kawai, da ɗigon ruwan wanke gilashi a jikin ƙyallen, a shafa a hankali daga tsakiya zuwa gefe ba tare da dannawa ba. Ban da bakin riga, ban da rawani, ban da takardar goge hanci. Da damina kada ka kulle kyamara a jakar fata cikin akwati, ka ajiye ta inda iska da haske ke shiga, ko a roba mai murfi tare da ƴan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Masu tabarau da masu waya, ku ma gilasanku da irin wannan shafe suke zuwa, kuma ina ganin yadda ake murza su da gefen zane a kan hanya.

Helios ɗina yana nan a cikin kabad, ban yar ba. Duk shekara in muka zo darasin haske nakan kai shi aji, in haska wa yara tocila su ga gajimaren da malaminsu ya zana da hannunsa. Tsohon ɗalibin nawa kuwa ya ɗauki sunansa na farko makon jiya, ya kawo mini hotunan na gani, kakar jaririn tana zaune a bakin taga kuma ana iya ƙirga tsagen fuskarta.

Mai tambaya ko ƙarin bayani, musamman tsofaffin masu hoto da suka fi ni sanin wannan fage, ƙofa a buɗe take, a rubuto ta hannun edita. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.